ZARE: Ralin kakana da ya tashi ba Rali ba

1/ Jama'a, bashi na zo biya. Wata uku da suka wuce na ɗora hoton wani tsohon baƙin keke a nan, na rubuta cewa Raleigh ne gangariya, na marigayi kakana, tun 1975. Kun yi ta yabawa, wasu har da yi masa addu'a. To abin da na rubuta ɗin ba daidai ba ne. Zaren da tsawo, ku gyara zama.

2/ Bayan hoton nan wani bawan Allah mai tara tsofaffin kaya ya biyo ni ta saƙo. Ya yi tayin da ya fi albashina na wata biyu. Keken kuma ba nawa ba ne ni kaɗai, kayan gado ne, akwai gwaggonnina da kawunnaina a ciki. Kowa ya amince a sayar a raba. Har an fara lissafi.

3/ Sharaɗinsa ɗaya ne: in ɗauko masa hoton lambar da aka buga a jikin bodin. Na goge ƙura, na samo lambar a ƙasan sirdi, na tura. Ya yi shiru kwana biyu, sannan ya ce lambar nan ba ta yi masa kama da ta Raleigh ba. Wallahi raina ya ɓaci. Na ɗauka salon karya farashi ne.

4/ Kafin in kai ku wajen mai gyara, sai kun san me Raleigh yake nufi a garin nan, don 'yan bana bakwai da yawa ba su tarar ba. Mutanenmu ba sa wahalar da harshe, Rali suke cewa. A zamanin kakanninmu, in aka ce wane ya sayi Rali, kamar yau a ce ya fito da mota a leda.

5/ Kamfanin ɗan garin Nottingham ne a Ingila. Sunan ma na titi ne, Raleigh Street, inda wani ɗan ƙaramin shagon haɗa keke yake a shekarun 1880. Wani lauya mai suna Frank Bowden ya sa kuɗi ya karɓe shi, ya mai da shi katafaren kamfani. Tsuntsun da ke goshin keken zalɓe ne, daga tambarin gidan su Bowden aka ɗauko shi.

6/ Daga nan ya dinga haɗiye abokan gasa. Humber a 1932, Rudge a 1943, Triumph a 1954, sashen kekuna na BSA a 1957. A 1960 shi ma wani babba, Tube Investments, wato TI, ya haɗiye shi. Ku riƙe wannan: tun a can gida, suna daban, masana'anta daban. Keke zai fito da tambarin Rudge alhali ma'aikatan Raleigh ne suka ƙera shi.

7/ Nan ƙasar kuwa ta hannun manyan kamfanonin Turawa irin su UAC yake shigowa. Jirgin ƙasa ya kai gyaɗa da fata teku, ya dawo da atamfa da kwano da keke. Akwai tsohon tallansu da ya zaga Afirka, an zana mutum a kan Rali yana dariya, zaki na bin sa bai cim masa ba. Ku nema ku gani, abin dariya ne, amma ya sayar da keke.

8/ Manomi ya sayar da gyaɗa ya sayi Rali. Malamin makaranta, ɗan doka, masinja, mai kai amarya. Akwai masu naɗe bodin da leda ko kyalle kada fenti ya goge, har keken ya tsufa ba a taɓa ganin ainihin launinsa ba.

9/ Sai shekarun 1970. Kuɗin man fetur ya shigo, gwamnati ta matsa a riƙa ƙera kaya a gida maimakon shigo da su, ga dokokin mallakar kamfanoni na 1972 da 1977 da suka tilasta a ba 'yan ƙasa hannun jari. A wannan zangon aka yi Peugeot a Kaduna, Steyr a Bauchi, manyan motocin Fiat a Kano.

10/ Raleigh ma yana da masana'antarsa a nan Kano, a Bompai: Raleigh Industries Nigeria. Eh, Bompai ɗin da kuka sani. An yi lokacin da Najeriya na cikin manyan kasuwannin Raleigh a duniya kaf, kuma ana fitar da keke mai zalɓe a goshi daga cikin garin nan, da hannun 'yan Birget da Tudun Wada da Gama.

11/ Bompai ita ce babbar yaya a rukunan masana'antun Kano, tun zamanin Turawa. Da ta cika aka buɗe Sharada, kashi uku, sannan Challawa can wajen Panshekara inda majemu suka fi yawa. Masaƙu, kwanon samira, alewa, turare, man gyaɗa, takalmin roba. Wani Ba'amurke, Paul Lubeck, har littafi ya rubuta a kan leburorin masana'antun Kano, ya fito a 1986.

12/ Kakana ɗaya ne daga cikin waɗannan leburorin. A wata masaƙa yake aiki a Bompai. Da aka yi ƙarin albashin Udoji, na gwamnati suka karɓi ariyas a farkon 1975, ma'aikatan kamfanoni ma suka tada ƙayar baya sai da aka taɓa su. Wasu suka sayi rediyo, wasu suka ƙara aure. Shi keke ya saya.

13/ Wannan labarin kowa a gidanmu ya haddace shi. Shi ya sa maganar mai sayen nan ta yi min zafi. Ji na yi kamar ya ce kakana maƙaryaci ne.

14/ Wani abokina ya ce in daina faɗa da mutum a waya, in kai keken wajen wanda ya san ƙarfe. Ya kwatanta min wani dattijo mai gyaran keke a hanyar Challawa. Da can a bakin ƙofar wata masana'anta a Bompai yake da rumfa, da ma'aikata suka watse ya bi inda sauran hayaƙi yake. Ba zan faɗi sunansa ba, Baba kawai nake ce masa.

15/ Na sauke keken daga a-daidaita-sahu, na gaishe shi, na fara zuba bayani. Ya ɗaga min hannu. Ya ce, yaro, bari keken ya yi magana tukuna, kai ka yi naka daga baya.

16/ Abin da ya fara ba ni mamaki: ko kallon tambarin bai yi ba. Ni kuwa shi ne hujjata, zalɓe ne na tagulla, ya dushe yadda ya kamata. Na nuna masa. Ya ce tambarin na gaske ne, amma tambari ƙusa ce ke riƙe da shi, kuma duk abin da ƙusa ta riƙe, ƙusa na iya mai da shi wani wuri.

17/ Ya duba fok, wato ƙafafu biyun da ke riƙe tayar gaba. Kafaɗar fok ɗin Rali bututu ce a kwance, da 'yan ƙoƙuna masu ƙyalli a gefe da gefe kamar an danna babban yatsa. Ya ce wannan na Rali ne. Ya duba farantin da sarƙa ke hawa, ga kawunan zalɓe an huda a jiki. Ya ce wannan ma na Rali ne. Na fara murmushi.

18/ Sai ya kifa keken, ƙafafu sama. Ya buge kota, ya zare feda, ya kwance kofin da ke riƙe boris a gidan feda. Nan ne fa darasin yake, ku bi ni a hankali.

19/ Duk abin da ake ɗaurawa da murɗi yana da haƙora, irin na noti. A gidan feda da wuyan keke, ma'aunin da masu ƙera keke na Ingila suka daidaita a kai shi ne haƙori 24 a kowane inci, kuma shi yawancin duniya ta bi. Raleigh na Nottingham ya ƙi. Ya tsaya a kan nasa, haƙori 26.

20/ Dalilin a fili yake. Kamfani ne da ke ƙera kusan komai nasa a cikin gida, har noti, kuma ya yi girman da ba ya jin dole ya bi kowa. Riba ta biyu: in kofinka ya lalace, dole ka nemi nasu. Irin abin da masu waya suka yi mana da caja kafin a daidaita.

21/ Bambancin 24 da 26 ido ba ya gani. Hannu ne ke ji. In ka sa kofin gama-gari a bodin Rali, zai shiga zagaye biyu ko uku lafiya, sai ya cije. In ka matsa da ƙarfi ka cinye haƙoran, ka kashe bodin. Baba ya ce ya ga kekuna da yawa da yara masu koyon gyara suka halaka ta haka.

22/ Ya buɗe wani tsohon gwangwanin madara, ya zaro kofi biyu. Ɗaya ya ce na Rali ne, ya fi ni shekaru. Ɗaya na kasuwa, irin wanda ake sa wa kowane keke. Ya miƙo min na Ralin ya ce ɗaura da hannunka. Zagaye biyu, ya cije. Ya miƙo na kasuwar. Ya shige sumul har ƙarshe kamar an shafa masa mai.

23/ Na ce, Baba, ko dai na Bompai ne shi ya sa? Ya yi dariya. Ya ce yanzu ka fara tambayar da ta dace, amma kada ka yi sauri, akwai sauran shaidu.

24/ Maganar lamba kuma, ga abin da mai sayen ya gani. Daga wajen ƙarshen 1973 Raleigh ya koma wani tsari: haruffa biyu sannan lambobi. Harafin farko na masana'anta ne, N na Nottingham, W na Worksop. Na biyu yana nuna lokacin shekara. Lambar farko kuma ita ce ƙarshen shekarar, misali 5 a keken wancan zamanin na nufin 1975.

25/ Baba bai damu da wannan lissafin ba. Shi zurfin bugun yake dubawa, da ko lambobin sun hau layi ɗaya, da ko an taɓa goge wurin da fayil an sake bugawa. Ya ce namu ba a taɓa shi ba. Lamba ce ta gaskiya, ta wani kamfani ce dai daban.

26/ Sannan ya dawo kan tambarin da ya ƙi kallo da farko. Ya zare fok ɗin gaba ɗaya, ya haska tocila cikin bututun wuya, ya ce leƙa. Ga ƙusoshin da ke riƙe da zalɓe. Ga kuma wasu ramuka biyu a gefe, an toshe su, an bi da fenti ta waje. Wato kafin zalɓe ya sauka a goshin nan, wani ya riga shi zama.

27/ Gabana ya faɗi. Na ce to waye?

28/ Ya ce mu jira la'asar. Wallahi haka ya ce. Na zauna a benci ina kallon yana yi wa wani ɗan makaranta faci. Da rana ta karkata ya fito da bodin, ya goge doguwar sandar ƙasa da tsumma mai ɗan kananzir, ya karkata ta yadda haske zai kwanta a jikinta.

29/ In aka yi fenti a kan tsohon rubutu ba a kankare ba, rubutun yana barin tudu siriri. Da tsakar rana ba ka gani. A hasken da ya zo ta gefe sai ya yi inuwa. A ƙarƙashin baƙin fentin, a ƙarƙashin sitikar Raleigh, na karanta P, na karanta H, can gaba N da I da X.

30/ Baba ya ce, Fonis ke nan. Phoenix. Ya jawo wani mataccen Phoenix daga tarin ƙarafansa, ya auna tazarar ramukan tambarinsa da tsinken tsintsiya, ya ɗora a kan ramukan da aka toshe a namu. Daidai wa daida. Mahaɗar sandunan ma, yankansu iri ɗaya.

31/ To ga wanda ya ƙera bodin kakana: wata masana'anta a Shanghai, ƙasar Sin. Ba Nottingham ba, ba Bompai ba.

32/ A nan nake so mu yi adalci, don na san wasunku sun riga sun ce ai dama kayan Chaina. Phoenix ba jabu ba ne. Suna ne mai zaman kansa tun ƙarshen shekarun 1950, kuma a can gida yana cikin manya uku, shi da Forever na Shanghai da Flying Pigeon na Tianjin wanda ya fara a 1950. Miliyoyin mutane sun je aiki a kansu shekara da shekaru.

33/ Abin da yake gaskiya shi ne duk tsarin keken Ingila suka bi: taya inci 28, birkin sanda, baƙin fenti da zanen ruwan gwal. Indiya ma haka, su Hero da Avon na Ludhiana, da Atlas. Har tsuntsu kowa ya nemi nasa ya sa a goshi, wannan zalɓe, wancan tantabara. Daga nesa, da magariba, ba mai rabe su.

34/ Don haka abu uku ne, kada a cakuɗa. Akwai wanda aka ƙera da izinin mai suna a wata ƙasa, kamar Ralin Bompai, ko Sen-Raleigh da aka yi a Asansol ta Indiya. Wannan na gaske ne. Akwai wanda ya kwaikwayi siffa amma ya sa sunansa, kamar Phoenix. Wannan gasa ce. Sai wanda aka cire sunansa aka manna na wani don a ci kuɗin mai saye. Shi ne jabu.

35/ Kuma abin da na fahimta a rumfar Baba: sau da yawa jabun keke ba a masana'anta ake yin sa ba. Masana'anta ta yi bodinta da sunanta ta sallama. A hanya ne, a bayan shago, wani mai gwangwanin fenti da sitika da ƙusa biyu yake sauya masa uba. Shi ya sa tambayar wa ya ƙera da tambayar wa ya yi algus amsarsu ba ɗaya ba ce.

36/ Wani abin haushi da Baba ya faɗa min: a lokacin da Bompai ke aiki, akwai masu raina nata, su ce su sai ɗan Ingila. Keke na halak, an yi shi a garinsu, maƙwabcinsu ne ma ya ɗaura shi, amma a bakinsu bai kai ba. Wannan ciwon namu ya daɗe. 'Yan Kantin Kwari za su ba ku labarin irinsa a kan atamfa.

37/ Na koma gida da tambaya ɗaya: an cuci kakana ne a 1975, ko kuwa? Mutum ɗaya ce ta rage da za ta sani. Na sami kakata a ɗaki bayan isha'i. Na ce, Hajiya, keken Malam ashe ba Rali ba ne.

38/ Ko gezau. Ta ce, kai miji na, sai yau ka sani? Ai wancan ya karye tun kafin a haifi uwarka ta ƙarshe, wato autarsu. Na ce to me ya sa ba wanda ya taɓa faɗa? Ta ce wa ya tambaye ni?

39/ Ga yadda abin ya faru. Farkon shekarun 1980 farashin mai ya faɗi. A 1982 gwamnatin Shagari ta kawo dokar tsuke bakin aljihu, shigo da kaya ya koma sai da lasisi. Masana'antun da ke jiran zare da sinadari da kayan gyara daga waje suka fara aiki rabi-rabi. Aka fara sallamar ma'aikata. Kakana na ciki.

40/ Sai SAP a 1986 zamanin Babangida. Naira da ta fi dala daraja a 1980, zuwa 1987 sai ka ba da wajen naira 4 kafin a ba ka dala ɗaya. Duk masana'antar da ke sayo ƙarfe ko sassa daga Ingila, kuɗin kayanta ya ninka, masu sayen kuma aljihunsu ya rame. A irin wannan yanayin keken Sin da na Indiya suka samu ƙofa, don su talaka ke iya kaiwa.

41/ Da aiki ya ƙare, Malam ya koma saro kayan roba a Sharada, buta da bokiti da kofuna, yana kaiwa kasuwannin ƙauye. A kan keken nan. Hajiya ta ce in ya ɗaure kaya ba ka ganin mutum, sai tulin roba na tafiya. Wata rana da damina ya faɗa rami da lodi, bodin ya tsage a wuya. Aka yi walda, ya sake tsagewa.

42/ Sabon Rali ya fi ƙarfinsa a lokacin. Mai gyaransa ya samo masa bodin Phoenix na hannu, aka kwashe duk abin da ya tsira daga tsohon aka mayar: fok, farantin sarƙa, kan keke, kariya, ƙararrawa. Sai Malam ya ce a cire masa tambarin ma a mayar, a yi fenti. Hajiya ta ce har kwana ya yi yana jimamin keken kamar an yi rasuwa.

43/ Na tambaye ta ko don mutane kada su gane ne. Ta ce duk layin sun sani, ai a gabansu aka yi. Cewa ya yi tsuntsun nan da guminsa ya saye shi, ba zai bar shi a bola ba.

44/ Ni dai a nawa ganin Malam bai yi jabu ba. Bai sayar wa kowa ba, bai ɓoye wa kowa ba. Wanda ya kusa yin jabu ni ne, ranar da na ɗora hoto na rubuta gangariya na sa hannu zan karɓi kuɗi. Shekara kusan arba'in keken na zaune lafiya, sai da ya zo hannun mai waya.

45/ Bari in ɗan ratse saboda masu sayen keken tsere na gwanjo, don tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 na ga samari da yawa sun koma feda, kuma ana shigo da tsofaffin kekunan Turai ta Kwatano. A can ma wannan wasan ana yin sa, har ya fi namu tsada.

46/ Raleigh ya yi ƙungiyar tsere, TI-Raleigh, mai launin ja da baƙi da rawaya. Ɗan Holan Joop Zoetemelk ya ci gasar Tour de France da ita a 1980. Manyan bodin tsere na kamfanin a wani ƙaramin sashe ake yin su da hannu a Ilkeston, lambarsu na farawa da SB. Kamfanin da kansa ya sayar da kekuna masu araha da wannan launin, ga kuma masu sake fenti. Launi kaɗai ba ya nuna komai.

47/ Haka sitikar Reynolds 531 da za ku gani a ƙasan sirdi, mai nuna irin bututun ƙarfen. Ana buga sabuwarta a manna. Abin da ba a iya mannawa shi ne kaurin bututu. Mai kyau bangonsa siriri ne, shi ya sa sandar sirdinsa takan kai milimita 27.2, na ƙarfen gama-gari kuwa takan tsaya wajen 25.4. Ku ɗaga ku ji nauyi, ku zare sirdi ku auna.

48/ Kada kuma kwanan watan da ke jikin wani sashe ya ruɗe ku. Cibiyar taya ta Sturmey-Archer tana ɗauke da wata da shekarar da aka yi ta, gaskiya ne. Amma shekarun tayar ta faɗa muku, ba na bodin ba. Keken kakana ya isa misali: sassa na 1975 a jikin bodin da ya zo daga baya.

49/ Na bi ta Bompai bayan wannan, na shiga ta Mai Malari a kan keken. Wasu wuraren na aiki, wasu sun koma sito, wasu ƙofa a garƙame ciyawa ta fito ta ƙasa. Ba a ƙera Rali a nan yanzu. Abin da ban zata ba shi ne can gidan ma haka ne: Nottingham ta daina ƙera bodi a 1999, ta daina haɗa keke a 2002. A 2012 wani kamfanin Holan, Accell, ya sayi sunan.

50/ Wato sabon Raleigh na halak da za ka saya yau, zalɓe a goshi, takarda cikakkiya, akasari a Asiya aka ƙera bodinsa. Da na faɗa wa Baba haka ya ajiye sifana ya dube ni. Ya ce to ashe kakanka ya riga su.

51/ Na kira taron gida na faɗi abin da na gano. Wani kawuna ya ce ai ba ƙarya muka yi ba tunda tambarin na gaske ne, mai saye ya buɗe idonsa. Gwaggona ta ce ita ba za ta ci kuɗin da sai an yi shiru za a same shi ba. An ɗan yi sama-sama. Hajiya na gefe tana jan carbi, ba ta ce uffan ba.

52/ Na rubuta wa mai sayen komai, har hoton ramukan da inuwar haruffan. Ya yi godiya, ya janye tayin farko. Sannan ya ce zai sayi tambarin da fok da farantin sarƙa kaɗai, in ciro masa, yana da bodin Nottingham da ke jiransu. Kuɗin ba laifi.

53/ Na kai wa Hajiya maganar. Ta ce a cire tsuntsun a bar keken da goshi a buɗe? Na ce haka yake so. Ta ce to ka gaya masa mai shi ya hana tun 1980 da wani abu.

54/ Na biya sauran magada kasonsu a kan farashin tsohon Phoenix, wanda ba wani abu ba ne, kawuna har yanzu yana min tsiya. Baba ya mayar da kofin kasuwa, ya cika boris da giris, ya sa sabuwar kota da robar birki. Ya hana ni kankare fentin. Ya ce in bar haruffan a inda suke, in wani jikan ya tashi sayarwa ya kawo masa da la'asar.

55/ Wancan tsohon hoton na goge shi. Ga sabo a ƙasa, na ɗauka da yamma ta gefe, ku zuƙo shi daidai ƙasan sitika za ku ga P ɗin. Masu tsofaffin kekuna a zaure ko a sito, ku kifa su ku ɗauko min lambar da goshin. Wanda na iya zan faɗa, wanda ya fi ƙarfina in kai wa Baba ranar Asabar.